Shafukan da Muke Tsallakewa

A shekarar 1986 na shiga aji biyar na firamare a Gagarawa, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano. Mu kusan hamsin ne a ajin, amma *Magana Jari Ce* guda ɗaya muke da shi, shi ma na malaminmu na Hausa ne. Littattafan uku ya haɗa wuri guda ya ɗinke da basilla, ya yi musu riga da takardar buhun siminti domin bangonsu ya daɗe da lalacewa. Ranar Alhamis, a darasin ƙarshe, yakan zaro shi daga aljihun babbar riga ya miƙa wa wanda ya fi iya karatu a cikinmu, shi kuwa ya koma bakin taga ya zauna. Ko jirgin Nguru ya yi kuka a tasha ba mai ɗaga kai, alhali a sauran ranaku kukan nan kaɗai ya isa ya watsa aji.

Muna da wata al'ada da ban ɗauke ta a bakin komai ba sai bayan shekara talatin da bakwai. A littafi na ɗaya, tsakanin kowane labari da mai bi masa, akwai 'yan layuka inda Musa ɗan sarki yake zuwa wurin Aku da dare, yana neman sallama zai bi mahaifinsa fagen yaƙi. Aku ya ja shi da zance har su faɗa cikin wani labari, kafin a gama gari ya waye. Da zarar mai karatu ya iso irin wannan wuri sai aji ya kaure da surutu, kowa na cewa a tsallake, a kai mu ga labari. Mu dai a ba mu Sahoro da Sahorama da lalacinsu, ko Kalalatu da ta cinye kajin baƙo ta kuma kuɓuta da dabarar bakinta. Zaryar da Musa yake yi kuwa, a ganinmu ɓata lokaci ce. Malam bai taɓa hana mu ba. Murmushi kawai yake yi, mai karatu ya juya shafi.

Abin da ya mayar da ni ga waɗannan shafuka shi ne ɗan yayana. Sunan mahaifinmu aka sa masa, shi ya sa ba mai kiran sunansa na yanka a gidanmu, Abba muke ce masa. Da yayana ya rasu, mahaifiyarsa ta koma gidansu a Sule Tankarkar, shi kuma ya dawo hannuna a Gumel inda nake koyarwa. A gabana ya gama sakandare, ya yi Kwalejin Ilimi, ya fito da takardar shaidar malanta. Shekara uku yana yawo da ita cikin leda daga wannan ofis zuwa wancan. Da ya gaji sai ya ajiye ta a ƙasan akwati ya nufi Maigatari.

Wanda bai taɓa ganin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba, da wuya ya gane yadda gari ɗaya yake ciyar da masarauta guda. Tun daren Laraba shanu da raƙuma da tumaki suke kwararowa daga wajen Damagaram, tireloli suna jere suna jiran lodi zuwa Legas da Fatakwal da Onica. Abba ya zama yaron wani dillali a kara. Shi ne mai ƙirga dabbobi, shi ne mai rubuta rasit, shi ne mai tsayawa a kan lodi. Abin da yake samu a kwana biyu yakan riƙe shi mako, har ya aika wa mahaifiyarsa da kuɗin cefane. Sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Aka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, kara ta yi sanyi. Dillalin da ke da yara biyar ya sallami huɗu, da Abba a ciki. A watan Nuwamba kuma sababbin mahukuntan Nijar suka soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, sai hanyar Agadas zuwa Libiya ta sake buɗewa a sarari. Ƙofa ɗaya ta rufe masa, wata ta buɗe, a tsakanin wata huɗu.

Wani dare cikin hunturun Disamba, bayan sallar isha, ya shigo zaure ya durƙusa a gefen tabarmata. Ya ce, "Baffa, albarkarka na zo nema. Libiya nake so in tafi. Abokaina biyu sun shirya, ni kaɗai ake jira."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce muddin ina raye ba zai taka hanyar nan ba. Na lissafa masa motocin Hilux da ke lalacewa a tsakiyar hamada, da ƙishirwa, da gidajen da ake tsare mutane a Sabha ana kiran iyayensu a waya su biya kuɗin fansa. Na ce ubansa bai bar mini amanarsa don in miƙa ta ga rairayi ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma da ƙarfi na faɗe shi har matata ta leƙo. Ya ce, "To, Baffa," ya tashi. Kwana tara bai ci abincin gidana ba. Na sani sarai cewa daga Gumel zuwa bakin iyaka ba a yin rabin sa'a a mota, kuma rufewar da aka yi ta hana tirela ce, ba ta hana saurayi mai ƙafa biyu ba.

A ɗaya daga cikin waɗannan darare da barci ya ƙaurace mini na ga littafin a kan tabarmar 'yata, an ba su shi a makaranta. Na ɗauka don in rage dare. Da yake ba aji a bayana da zai ce a tsallake, sai na karanta tun daga farko, layi bayan layi, kuma a karo na farko na ga littafin da Abubakar Imam ya rubuta.

Sarki Abdurrahman ya daɗe yana roƙon Allah ɗa namiji kafin a ba shi Musa. Ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari ya bar yaron a gida. Wazirin da aka bar wa riƙon gari ya ƙulla makirci da abokan gaba, jira kawai ake Musa ya fito a kama shi. Tsakanin yaron da halaka ba rundunar da ta rage, sai tsuntsu ɗaya wanda ba shi da takobi, ba shi da ikon kulle ƙofa, kuma wanda yake ƙoƙarin ceton zai iya murɗe masa wuya da hannu ɗaya. Ashe labaran da muke sheƙa wa dariya a Gagarawa, mai ba da su cikin fargaba yake. Kowane labari dare ɗaya yake saye. In ya gaza daɗi, ko ya ƙare kafin asuba, shi ke nan an rasa ɗan sarki.

Na lura da wani abu kuma da ya sa na ajiye littafin na daɗe ina kallon rufin ɗaki. Aku ba ya tare Musa da hani. Nuna masa yake yi kamar yana tare da shi, ya yaba zuciyarsa, ya yi kamar zai sallame shi, sai ya sako wata magana da za ta sa yaron da kansa ya nemi jin ƙarshenta. Wannan dabara ta girmi Imam da ɗaruruwan shekaru. Ƙashin ginin littafin ya samo asali daga tsofaffin labaran aku na ƙasar Indiya, waɗanda aka mayar cikin harshen Farisa da sunan *Tuti Nama*. A can mace ce mijinta ya yi tafiya, take son fita da dare wurin wani. Tsuntsuwar da ta fara shawarta ta faɗa mata gaskiya tsirara, sai ta fyaɗa ta da ƙasa ta mutu. Aku ya ga abin da ya faru, ya gane cewa gaskiya ma tana bukatar wanda zai raya ta zuwa gobe. Ni a daren Disamba tsuntsuwar farko na zama.

Na san tarihin littafin tun ina ɗalibi, amma sanin jarrabawa na yi masa. An haifi Imam a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutu ta 1933 da *Ruwan Bagaja*. A 1936 aka aro shi zuwa Zariya wurin Dokta Rupert East, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa, ya zauna wata shida yana zaɓa yana sake ginawa, har aka sami labarai sama da tamanin da suka fito a littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Masana irin su Ibrahim Malumfashi sun bi sawun labaran, sun nuna wanda ya fito daga *Alfu Laila*, da wanda ya fito daga tatsuniyoyin Jamus. Abin da ban taɓa tsayawa na lissafa ba shi ne shekarunsa. Ashirin da biyar yake da su lokacin da ya yi wannan aiki, tsaran Abba ne. Saurayi ne yana aiki a ƙarƙashin Turawan mulki, a ƙasar da sarki ke da wuƙa da nama, kuma a 1939 ya zama editan *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, jaridar da gwamnati ce mai ita. Wanda zai yi rayuwarsa yana faɗa wa masu iko abin da ba sa son ji, ba tare da an rufe masa baki ba, ba mamaki ya zaɓi tsuntsu marar ƙarfi ya zama gwarzon littafinsa.

Kashegari na aika aka kira mini Abba. Na ba shi haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi, abin da ban taɓa yi wa yaro ba. Na ce na yi tunani, namiji ba ya zama wuri ɗaya, kakansa ma da jakuna ya yi fatauci har Damagaram. Sai dai sanyin hamada a wannan wata kisa yake yi, ya bari hunturu ya wuce. Ya yarda. Da hunturu ya wuce na ce ga mahaifiyarsa za a yi mata aikin ido, ba zai kyautu ta buɗe ido ba ta gan shi ba. Ya yarda. Da aka gama wannan na ce ga azumi ya ƙarato, wa zai shiga hamada da ƙishirwa biyu?

A tsakanin nan kullum da dare muna zaure. Na ba shi labarin yadda mahaifinsa ya tafi cin rani Legas yana ɗan shekara goma sha tara, ya dawo da rediyo da tari. Na ba shi labarin rufe iyakar 1984, wadda ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin, da yadda kakarsa ta riƙa dafa tafasa da ɗan tsaki tana raba wa baƙin da suka tsallako. Wasu labaran gaskiya ne tsantsa, wasu na ƙara musu gishiri. Yana saurare, yana dariya, wani lokaci ya yi tambaya. Na fara jin daɗin kaina. Har na riƙa cewa a zuci, ashe maganar Imam dutse ce.

Ranar 13 ga Maris, 2024, kwana uku da kama azumi, gwamnati ta ba da umarnin buɗe iyaka. Na same shi bayan asham da murnata, na ce to ga kasuwa za ta dawo, sai a bar zancen tafiya. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Baffa, ka gafarce ni. Littafin da kake ajiyewa a ƙarƙashin matashi, ni ma na karanta shi a aji biyu na sakandare. Tun daren farko na gane abin da kake yi, na kuma ji daɗi da ka damu da ni haka. Amma Musa yana da wanda yake jira. Sarki zai dawo, ga gadon sarauta an ajiye masa. In gari ya waye, fada yake komawa a kawo masa abinci. Ni in na ƙara kwana, wa zai dawo? An rufe iyakar nan a 2019, an buɗe, an sake rufewa, yau an buɗe. Gobe fa?"

Ban sami amsa ba. Na shekara ashirin da shida ina koyar da harshe, amma a daren nan bakina ya mutu.

Na sake komawa ga littafin, wannan karon da idon Abba. Gaskiyarsa ne. Dabarar Aku ta ci nasara ne domin jinkirin yana da iyaka. Kowace asuba tana matso da dawowar Sarki, kuma da ya dawo asirin Waziri ya tonu, aka ɗaukaka Aku zuwa waziranci. Magana ta sayi lokaci, lokaci kuma ya zo da abin da ake jira. In da ba Sarkin da zai dawo, da Aku mayaudari ne kawai mai daɗin baki, wanda ya tsare saurayi a ɗaki har ƙuruciyarsa ta ƙare. Na kuma ga abin da yaro ba ya gani, cewa ran da littafin ya fi damuwa da shi ran ɗan sarki ne. Talakawan da ke cikin labaran sau da yawa su ne abin dariya, ko abin misali. Ban rage ƙaunar littafin don wannan ba, domin kowane marubuci ɗan zamaninsa ne. Amma na gane cewa na ari dabarar da aka ɗinka wa ɗan sarki na yafa wa maraya, ban duba ko ta rufe shi ba.

Akwai wani labari a cikin littattafan da muke so ƙwarai a Gagarawa, wato na Sarkin Busa, wanda Imam ya gina a kan tsohon labarin garin Hamelin na Jamus. A can mutanen gari sun yi wa mai sarewa alkawarin lada in ya raba su da ɓeraye. Ya raba su, suka hana shi hakkinsa, sai ya busa wa 'ya'yansu suka bi shi, ba a ƙara ganinsu ba. Muna yara mai busar muke jin tsoro, muna kuma sha'awarsa. Yanzu da furfura a gemuna na ga inda laifin ya faro. Yaran ba su bi busa ba sai da manya suka saɓa alkawari. Mu ne muka ce wa su Abba su yi karatu za su ci moriyarsa. Sun yi. Hotunan da abokansu ke turowa ta WhatsApp daga Tarabulus, ga sabuwar riga ga agogo, busa ce kawai. Ba za ta ja kowa ba in da mun biya abin da muka ɗauka.

Ina da fili ɗaya a bayan gari, hanyar Haɗeja, wanda na saya da adashin malamai na shekara shida, da niyyar in gina inda zan zauna in na yi ritaya, domin har yau gidan haya nake. Bayan ƙaramar Sallah na sayar da shi. Matata ta yi kuka, kuma tana da gaskiya, domin haƙƙinta da na 'ya'yanta ne na taɓa. Na kira Abba na ajiye kuɗin a gabansa. Na ce, "Ba ni da labarin da ya rage. Ga wannan. Ka san kara, ka san dabba. Ka ba ni damina ɗaya. In ta wuce ka ga ba hanya, ni da kaina zan raka ka tasha, in sa maka albarka da zuciya ɗaya." Wannan karon ba dabara a cikin maganata, shi ma ya ga haka.

Ya sayi raguna takwas a Maigatari ya yi kiwonsu zuwa babbar Sallah. Ɗaya ya mutu, bakwai suka fita da 'yar riba, ba mai yawa ba. Da ruwa ya sauka ya koma Gagarawa ya share gonar mahaifinsa da ta shekara bakwai a hannun aro, ya shuka riɗi da zoɓo. Abokansa biyu sun tafi ba da shi ba. Ɗaya yana aikin gini, kuma abin da ya aiko wa iyayensa a wata huɗu ya fi albashina na rabin shekara. Ba zan ɓoye wannan ba, Abba ma ya sani. Ɗayan kuwa, tun saƙon murya da ya turo daga Agadas cewa gobe za su shiga hamada, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyarsa takan je kasuwa ranar Alhamis tana tambayar direbobi.

Damina ta wuce, Abba bai zo ya ce in raka shi tasha ba. Bai kuma ce ya fasa ba. Jakar da ya haɗa tun Disamban nan tana nan rataye a ƙusa a ɗakinsa, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Na daina ɗaukar kaina a matsayin wanda ya ceci wani. Abin da na sani shi ne maganar da na yi wata uku ina yi ta riƙe shi har lokacin da na gane abin da ya kamata in yi, kuma in da ban yi shi ba, da maganar ta tashi a banza. Sunan littafin ma ya faɗa, mu ne ba mu kula ba. Jari ba a ajiye shi a yi ta kallo, sai an juya shi ya zama wani abu da hannu zai taɓa.

Malaminmu na Gagarawa ya rasu da daɗewa. Na so a ce na same shi na tambaye shi me yake tunani a bakin tagar nan, lokacin da muke ihu a tsallake. Yana da 'ya'ya samari a lokacin, kuma shekara biyu kacal ke nan da fari. Ina zaton ya san abin da ke cikin shafukan, ya kuma san ba a koya wa ɗan shekara goma sha ɗaya irin wannan tsoro, rayuwa ce take koyar da shi in lokaci ya yi.

Yanzu ni nake karanta wa ƙaramar 'yata littafin bayan isha. Daren jiya muka iso inda Musa ya sake shiryawa ya zo neman sallama. Na rage murya na fara karantawa a hankali, sai ta dafa hannuna ta ce, "Baba, wannan wurin ba daɗi, kullum abu ɗaya ne. Ka tsallake, ka kai mu ga labari."

Na dube ta, na dubi ƙofar ɗakin Abba da ke buɗe, fitilarsa na ci, yana lissafin buhunan riɗi a bayan wata tsohuwar takarda. Na juya shafin.